Ƙarfen da Baba Sale Ya Tsoma a Ruwa

Laraba, bayan isha'i

Yau binciken digirina ya ƙare a cikin bokiti. Guntun ƙarfen nan da abokina Habu ya aiko mani daga waje, wanda inji ya gina da garin ƙarfe shimfiɗa kan shimfiɗa, shi ke nan gare ni. Na gasa shi a tanderun ɗakin gwaji, na kashe wuta don ya huce a hankali a ciki, ƙananan ƙwayoyin da ke jikin ƙarfen su daidaita. Sai na tafi sallar la'asar.

Ina dawowa na iske Baba Sale, mai kula da ɗakin, riƙe da awartaki yana murmushi. Ɗan gidan maƙera ne a Ƙofar 'Yandaka.

"Malam, na ga ka mance shi ya yi jawur, na tsoma maka a ruwa. Haka muke wa gatari ya yi ƙarfi."

Ya yi ƙarfin kuwa. Da na goge shi na duba a madubin ƙara girman abu, ƙwayoyin sun koma kamar allurai, ga tsaga ta ratsa tsakiya.

Baba Sale sa'an mahaifina ne. Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ji kaina ina cewa, "Sannu da aiki, Baba."

Wai har ya ce mani ba komai.