Kujera Mai Lamba Tamanin da Takwas

Daga:
Mai rubutun alluna da bango,
Shago na uku daga kwana, layin bayan tashar mota.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Kula da Makarantun Sakandare,
Ofishin Ilimi na Yanki.

Litinin, 15 ga Satumba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN 'YATA, ƊALIBA A AJIN ƘARSHE, DAGA JARRABAWAR KAMMALA SAKANDARE BA DA SANINA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ma'aikatanka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan makarantar sakandaren da ke kallon babban tankin ruwa, wadda take ƙarƙashin ofishinka. Ni ba ma'abocin rubuta takarda ba ne. Sana'ata rubutu a jikin allo da bango, kuma shekara goma sha huɗu ke nan duk wani rubutu da ke jikin wannan makaranta, tun daga sunanta a bakin ƙofa har kibiyar da ke nuna hanyar banɗaki, hannuna ne. Na faɗi haka ne domin a san shaidata a jikin bangonsu take, ba a bakin mutane na tsince ta ba.

1. Ranar 9 ga Satumbar bara, Shugaban makarantar ya sa aka kira ni in buga lamba a kujerun ajin ƙarshe, saboda yara suna ɗauke wa juna. Na buga daga ɗaya har ɗari da hamsin da huɗu, da farin fenti, kowace kujera da mai ita. Ta 'yata ita ce tamanin da takwas. Ita ta roƙe ni in gyara mata nata takwas ɗin su fi na kowa zagaye, na kuwa yi.

2. Ya kamata in gabatar da yarinyar. Shekararta goma sha bakwai, ita ce babba a cikin huɗu. A gida Sufeto muke ce mata. Asalin sunan, tana 'yar shekara takwas na rubuta wa wani mai ɗori allo, na manta lanƙwasar da ke kan harafin farko na kalmar ƙashi. Da neman afuwa, Mai Girma ya san abin da kalmar ta koma. Ita ta gani kafin mai allon ya zo, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tun ranar babu allon da ke barin shagona sai ta duba, domin ni auna harafi nake yi, ba karanta shi ba. A lissafi ba ta da ƙarfi, ban ɓoye ba. Ta sha zuwa gida da sakamakon da mahaifiyarta ke ninkewa ta sa ƙarƙashin katifa.

3. Ranar 14 ga Fabrairu aka fitar da sakamakon jarrabawar gwaji, wadda makaranta ke yi wa 'yan ajin ƙarshe kafin babbar. Ta faɗi lissafi da kimiyyar sinadarai. Ranar 17 ga wata, malamin da ke kula da harkar jarrabawa ya tara ta da wasu 'yan ajinsu, su goma sha ɗaya, a ɗakin ajiye littattafai, ya shaida musu cewa zauren makarantar ba zai ɗauke su duka ba, don haka an kai sunayensu wata cibiya, su koma gida su yi ta karatu, za a aiko musu. Ba a ba su takarda ba. Ba a kira iyaye ba. Da na je tambaya washegari, malamin ya dafa kafaɗata ya ce haba, ni da nake ɗan gida, ai 'yata 'yarsu ce, in je in kwantar da hankalina. Na kwantar.

4. Ranar 5 ga Mayu aka sake kirana in buga lambobin zama a zauren jarrabawa. Aka ba ni takarda, na buga daga ɗaya zuwa ɗari da arba'in da uku. Da na gama, a bayan zauren akwai filin da zai ɗauki layi biyu na kujeru cif, har na jingine tsanina a wurin na wanke burushi. Na ga filin da idona, amma ban kawo komai a raina ba. Wannan laifina ne, kuma na sa shi cikin jerin domin kada a ce nasu kaɗai na lissafa.

5. Ranar 12 ga Mayu aka fara jarrabawa. 'Yata ta yi wanka, ta sa kayan makaranta da ta goge, ta fere fensir biyu, ta zauna a kan benci a ƙofar ɗaki tana jiran saƙon cibiya. Haka ta yi kwana uku. Ni kuma ina zarya tsakanin shago da ƙofar makaranta, maigadi yana ce mini an hana kowa shiga sai an gama, umarni ne daga sama, in yi haƙuri. A rana ta huɗu ba ta sa kayan ba. Ba ta yi kuka ba, mahaifiyarta ce ta yi. Ita dai ta ninke su ta sa a ƙasan akwati, ta ɗauki tsintsiya.

6. Ranar 18 ga Agusta, bayan fitowar sakamako, Shugaban makarantar ya aiko in zo da shuɗin fenti da ja. Za a tambaye ni me ya kai ni. Na je ne domin wata uku ina neman ganinsa ban samu ba, na ce ko a gindin tsani ya tsaya mu yi magana. Bai fito ba, masinja ya miƙo mini takarda. Na ja igiya a bangon makarantar da ke kallon titi, na buga layi, na auna, kowane harafi taƙi biyu, domin mai wucewa a mota ya iya karantawa. Sai da na sauko na ja da baya in duba ko layin ya miƙe, sannan na karanta abin da na rubuta: ɗalibai ɗari da arba'in da uku suka zauna, ɗari da arba'in da uku suka ci, duk ajin ƙarshe sun kammala, kashi ɗari bisa ɗari. Na tsaya a bakin titi da burushi a hannu har fentin ya bushe a jikinsa. Ban ji fushi ba, ranka ya daɗe. Ban ji komai ba, kuma har yau da nake wannan rubutu haka nake.

7. Bangon nan a kan hanyarmu ta zuwa kasuwa yake, babu wata. Bayan kwana biyu muka bi ta wurin da ita. Ta tsaya ta karanta daga sama har ƙasa kamar yadda ta saba, ta ce mini rubutun ya yi kyau, babu kuskure ko ɗaya, kalmar kashi ma wannan karon ba ta buƙatar lanƙwasa. Da can da dariya za ta faɗa. Muka wuce.

8. Ranar 25 ga Agusta na samu ganin magatakardar makarantar, wata baiwar Allah da ta ji nauyina ta buɗe mini rajista. A gaban sunan 'yata an rubuta da jan biro cewa ta koma wata makaranta ranar 17 ga Fabrairu. Haka aka rubuta wa sauran goman. Na tambayi wace makaranta, ta ce gurbin nan ba a cike ba. Na nemi takardar canjin makaranta domin in kai ta wani wuri ta maimaita aji, aka ce ba a ba wanda ya riga ya tafi. Na je makarantu biyu, ranar 28 ga Agusta da 2 ga Satumba, dukansu suka ce ba sa karɓar 'yar ajin ƙarshe sai da wannan takarda. Yanzu dai yarinyar ba ta faɗi ba, ba ta ci ba, ba ta kammala ba, ba a kore ta ba. Tana gida tana wanke kwanuka. Kujerarta kuwa na gan ta a bayan ɗakin ajiya tare da sauran, an kife su a kan juna.

9. An sanar cewa ranar Juma'a, 3 ga Oktoba, za a rufe karɓar sunayen masu zama jarrabawa ta gaba, kuma makaranta ce kaɗai ke iya miƙa suna. Idan ranar ta wuce, shekara biyu ke nan sun tafi. Na san 'yata. Ta daina tambayar ranar wata, ta ba ƙanwarta littattafanta, kuma ba na jin za ta jira ta uku.

Ina so a fahimce ni. Ban ce da an bar ta za ta ci ba. Mai yiwuwa lissafin nan ya sake kayar da ita, in karɓi takardar in ba mahaifiyarta ta sa ƙarƙashin katifa. Amma shekara shida ta yi tana zuwa, ruwa da rana, kuma ko faɗuwa ce, tata ce, a bar ta ta yi da hannunta.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta:

(a) Ya sa a mayar da sunan 'yata da na sauran yara goma cikin rajistar makarantar, a kuma miƙa sunayensu kafin 3 ga Oktoba. Iyayen bakwai daga cikinsu na san gidajensu, zan iya raka duk wanda aka turo.

(b) Ya turo wanda zai ƙirga kujerun ajin ƙarshe. Ba sai an buɗe fayil ba, lambobin suna jikinsu, fentin mai kyau ne, bai goge ba.

(c) Ya ba ni izini a rubuce in gyara lambar da ke bango. Ba zan taɓa bangon hukuma da kaina ba. Akwai ragowar shuɗin fentin a shago, kuma aikin bai wuce na rabin awa ba.

Daga ƙarshe, kafin in kawo wannan takarda na ba Sufeto ta duba, kamar kowane rubutu nawa. Ta karanta shafi ukun duka. Gyara ɗaya ta yi: a can sama, a layin Game da, ta ja layi a kan kalmar ɗaliba, ta miƙo mini. Na sake kwafe shafin na mayar da kalmar. Shekara tara ke nan tana yi mini gyara, wannan ne na farko da ban karɓa ba. Ina roƙon Mai Girma ya duba, kafin ranar 3 ga Oktoba, ya faɗa mana wanda ya yi daidai tsakanina da ita.

Ina neman afuwa idan na tsawaita ko na yi kuskuren lafazi. Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mai rubutun alluna,
mahaifin mai kujera ta tamanin da takwas.