Lamba Bakwai: Sani ko Bala

Laraba da dare, tsakiyar damina.

Barci ya ƙi zuwa. Gobe zan miƙa sunayen 'yan wasan kulob ɗinmu na Badarawa, kuma gurbi ɗaya ya rage, lamba bakwai.

Kowa Sani yake so, don in ya ja ƙwallo babu mai kamo shi. Bala kuwa shekararsa goma sha tara, ba shi da gudu, amma yana ɗaga kai kafin ya ba da ƙwallo. Nan da shekara uku zai fi Sani, ba na ko shakka.

Ɗazu da na taso daga ofis na bi ta Unguwar Kanawa, sai ga Sani yana fitowa daga gidan mai ɗori, yana ɗingishi, gwiwa a naɗe. Ashe ya daɗe yana ɓoye mana. Ya riƙe kan babur ɗina ya ce, "Koci, don Allah ka rufa min asiri. Bana kaɗai nake roƙo, manyan kulob za su zo kallo."

Na ce masa to. Me ya kai bakina?

Yanzu na rubuta sunan Bala. Da asuba kuma, kusa da Sani nake tsayawa a sahu.