Iyakar Gonar Baba a Jikin Bango

Zuwa ga yayana Modu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar girma daga gidanmu na Gwange zuwa duk inda Allah Ya ajiye ka. Iya tana gaishe ka, ƙaninka Bukar yana gaishe ka. Baba bai ce a gaishe ka ba, saƙo ya bayar, kuma saboda saƙon nan na zauna rubutu. Ban san inda zan aika takarda ba, shi ya sa na sa ta nan inda kowa zai karanta. Mai yiwuwa cikin masu karantawa akwai wanda ya taɓa ganinka tun ranar da aka tare motarku a hanyar Konduga.

Ka yi haƙuri in fara da jirginka na kwamfuta, domin ta nan maganar ta biyo.

Yana nan a ɗakin bayan zaure yadda ka bar shi. Kujerar tsohuwar motar da ka ɗauko wajen masu gwangwani, akwatin katakon da ka jera wa maɓallai, sandar tuƙi, da fedar da ka ɗaure da waya don kada ta riƙa zamewa. Na'urar da ke ɗauke da wasan tuƙin jirgin sama tana nan, majigin ma yana nan, wanda ka samo daga gidan kallon ƙwallon unguwarmu lokacin da taruwar jama'a ta zama abin tsoro, mai gidan ya rufe. Ni na taya ka shafa wa bangon farin fenti, ka ce hannuna ya fi na Bukar tsafta, alhali aiki kawai kake son ɗora mini.

Ranar da ka fara kunna shi, bangon ɗakinmu ya koma sararin samaniya. Muka zauna a tabarma, ni da Iya da matan maƙwabta, kana tashi daga filin jirgin garin nan kana juyawa da mu, mu kuma muna karkata jiki tare da kai. Kowa yana gani, kowa yana sa baki. Iya ta ce ka sauko ƙasa-ƙasa ta duba ko za ta gane kasuwa.

Sai tabarau ɗin nan ya shigo gidan, wanda abokinka mai aiki da 'yan agaji ya bar maka. Abu ne da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf, mutum ya ga kansa a cikin jirgi, ya waiga hagu ya ga fiffike, ya leƙa ƙasa ya ga ƙasa. Tun daga ranar ka juya wa majigi baya. Kullum maganarka ɗaya ce: a bango kallon jirgi ake yi, a tabarau kuwa ciki kake. Ni kuma ina cewa jirgin da mutum ɗaya yake hawa son kai ne, kuma wane irin matuƙi ne yake lalube bai ga maɓallan da ya jera da hannunsa ba? Mun yi musun nan a kan tuwo, mun yi shi a kan shayi, ba wanda ya saki. Kai da taurin kai, Ya Modu, ni ma ba baya ba.

Iya takunkumi take ce masa. Tana da hujja. Ka tuna hantsin da aka ji ƙara daga bayan gari har tagogi suka girgiza? Kowa ya yi cikin ɗaki da gudu, aka duba ba kai. Na leƙo na same ka a kujerarka, ido a rufe, kunne a toshe, kana murmushi kana saukar da jirgi a wata ƙasa. Iya ta fizge abin daga kanka, ta ce a garin nan mai hankali ba ya rufe idonsa da rana da gangan. Daga ranar ka riƙa barin kunne ɗaya a buɗe.

Baba kam ko leƙawa bai taɓa yi ba. Ya ce shi da aka raba da gonarsa ba ruwansa da jirgin da ba ya zuwa ko'ina.

Ka san maganar gonar. Ba ta da takarda, ba a taɓa auna ta da igiyar gwamnati ba. A ƙauyenmu uba ne yake taka iyaka da ƙafarsa, babban ɗa a bayansa, maƙwabcin gona da bulama, wato mai garinmu, suna shaida, daga bishiya zuwa suri, daga suri zuwa burtali. Haka kakanmu ya yi wa Baba. Shi kuma bai kai ga yi maka ba muka gudo, kana ɗalibi a birni, mu da kayan jikinmu. Bayan ɓatanka Bukar ya roƙe shi ko da baki ne ya faɗa masa iyakar, don wata rana hanya za ta buɗe, wasu kuma za su riga mu shuka. Baba ya ƙi. Ya ce ba a tsallake babba, sai ka dawo. Ga shi gwiwa ta ƙi, numfashi ya fara yi masa wuya, Ba Kyari mai gonar da ke maƙwabtaka da tamu shi ma ya tsufa a gidan 'yarsa a unguwar Wulari. In su biyun suka tafi, ba mai iya cewa ga inda tamu ta tsaya.

Na daɗe ban shiga ɗakin ba. Da na shiga, shara na je yi, sai na zauna a kujerar. Daga nan na koya wa kaina tuƙi, da faɗuwa da kifewa ba adadi. Ina cikin haka na gano ashe ka sauke taswirar yankinmu duka a na'urar. Na tashi na bi kogin Ngadda, na wuce ruwan Alau, na yi ta bin kogi har inda ya yi lanƙwasa irin ta lauje. Ya Modu, sai ga ƙauyenmu! Hoton da aka ɗauko daga sama tsoho ne, tun kafin a sa wa ƙauyen wuta. Ga tafki, ga burtali, ga gonaki kowacce da launinta. Na saki sandar tuƙi na rufe bakina, jirgin ya faɗa cikin gonar wani.

Da majigi na fara gwada Baba, tunda shi na yarda da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi bangon, ya ce ai hoto ne, ko a kalanda ana ganin irinsa, ya koma tabarmarsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Iya ce, da bakinta, ta ce a sa masa takunkumin. Ta ce abin da ya hana ɗanta jin ƙarar da ta girgiza gari, ai ba ƙaramin abu yake nunawa ba.

Sai da ta yi kwanaki tana lallashi. Ranar da ya yarda, alwala ya yi, ya sa babbar riga, ya cire hularsa ya miƙa wa Bukar. Da ya zauna a kujerar ya karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe, sannan ya juyo ya ce mu yafe masa, tunda tafiya ce. Bukar ya so ya yi dariya, Iya ta harare shi. Na ɗaura masa tabarau, na durƙusa a gefe ina tuƙi ina kallon ƙaramin allon na'ura.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Da ƙafafun jirgin suka bar ƙasa ya damƙe gefen kujera har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Ya leƙa ƙasa, ya ɗaga kai sama, yana ta subhanallah a hankali. Ya ce ashe haka Allah yake ganin garin nan, ɗan mitsitsi, mu kuma muna ciki muna ta tsoro. Muka wuce shingayen da suka hana mu fita shekara da shekaru, ba wanda ya ce mu sauko mu ɗaga hannu. Da muka kai lanƙwasar kogi sai ya sunkuyo yana leƙen ƙasa. Can na ji ya ce wushe, wato sannu da yarenmu, a hankali, yadda ake gai da mutanen gida. A nan na san gaskiyarka ce, ciki yake.

Sai ya ɗaga yatsa. Ya kira Bukar, ya ce ya duba da kyau, daga nan ne zuwa nan, sannan a karya zuwa can. Yatsan yana nuna fanka, yana nuna ƙofa, yana nuna kan Iya. A ƙaramin allon hoton yana ta rawa duk inda ya juya kai, yatsansa kuwa ba ya ciki. Ya maimaita, ya tambaya ko an gane. Muka dubi juna. Ya cire tabarau da kansa, idanunsa jajir, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi ya je ya gani, amma shi kaɗai ya je, kuma ba a nuna iyaka ba shaidu. Ya ce a kunna na bangon, a kira masa Ba Kyari da Bulama.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka yi, don kowa ya koma gida kafin dokar hana fita. Muka toshe tagogi da barguna, zafi ya cika ɗakin, janareta yana ta kuka a tsakar gida. Keke napep ya kawo Ba Kyari, Bulama ya taho daga sansanin 'yan gudun hijira da dattawa biyu na ƙauyenmu. Na tashi da su duka. Tsofaffin nan da suka bar gida a ƙafa cikin daji, ga su a tabarma suna komawa ta sama, suna kiran sunayen wurare tun kafin mu iso. Ɗaya ya nuna inda aka binne mahaifiyarsa. Da muka kai, na yi ƙasa, na danna maɓallin da yake tsayar da jirgi cak a sararin sama. Bulama ya ce la haula, wannan kuma ko shaho bai iya ba.

Na'urar ta yi shirmenta, ba zan ɓoye maka ba. Inda ta ga inuwar bukka sai ta dasa gini, har ta ba Ba Kyari bene mai rufin kwano. Baba ya ce ashe arziki yake ɓoyewa duk shekarun nan. Rabon da in ji dariyar Baba tun kana gida. Amma ƙasar ita ce, ba ta canja ba.

Baba ya miƙe da sandarsa ya shiga cikin hasken. Inuwarsa ta faɗa a kan gonar. Ya ce Bukar ya biyo shi. Bukar ya matso dab da bayansa, sai Baba ya sa hannu ya tura shi baya kaɗan, ya bar tsakaninsu wurin tsayuwar mutum ɗaya. Kowa ya gani, kowa ya san wurinka ne. Haka suka taka, daga wannan kusurwar bango zuwa waccan, bakin sanda yana bin layi, ina matsar da hoton duk inda ya ce. A wajen aduwa Ba Kyari ya ce tasa ce, Baba ya ce ko a mafarki. Suka yi musunsu na tun samartaka, har Bulama ya tuna musu yadda iyayensu suka raba: gindi na Ba Kyari, abin da ya faɗo yamma namu. Aka shafa fatiha a kan haka. Ni kuwa gefen aduwar Baba ya ce nawa ne, ka ga an bar ni da rigima.

Da ya zo ɓangaren gabas sai ya tsaya, ya ce wannan na Modu ne. Bulama ya sunkuyar da kai, ya tambaya cikin ladabi ko za a faɗi abin da za a yi da wurin in Allah Ya riga Ya yi ikonsa. Baba bai juyo ba. Ya ce, “Ban ga kabarinsa ba.” Sannan ya kira sunana, ya ce tunda ni na iya abubuwan nan na zamani, in nemi hanyar da zan gaya maka.

To, ga saƙon, Ya Modu, ka saurara da kyau. Daga babban surin da ke gabas da tsamiya, ka miƙe kudu har burtali. Ka bi burtali, kada ka tsallaka shi, har gawon da tsawa ta tsaga. Daga gawon ka gangara zuwa bakin kogi. Duk abin da ke ciki naka ne, har da fadamar da Iya take shuka kuɓewa. Bulama ya shaida, Ba Kyari ya shaida, dattawa biyu sun shaida. Baba ya ce ba mai sa fartanya a wurin sai kai.

Tun ranar bai sake tashi da ƙafarsa ya kai zaure ba. Yana cin ɗan kunu, yana salla a zaune. In an taɓa ƙofar gida shi yake riga kowa ɗaga kai. Ina kewarka, yayana, kewa mai ciwo, kuma ina tsoron kada ka makara.

Ya Allah, Kai da kake ganin kowane daji da kowace hanya, Ka san inda bawanka Modu yake. In yana raye Ka kwance shi, Ka nuna masa hanyar gida, Ka haɗa fuskarsa da ta mahaifinsa. In kuma yana wajenka, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba mu ƙarfin ji. Ka mayar da kowa gonarsa lafiya. Amin.

Na isar da saƙon Baba.

Ƙanwarka,
Yagana