Adda, Na Ji Kuma Na Yi Shiru

Zuwa ga yayata, marigayiya Adda Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wadda ta raine ta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yara suna lafiya. Garoua tana nan da zafinta. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Shekara biyu ke nan da rasuwarki, amma a ɓangaren tiyata na maza har yau in an ce "Majo", wato shugaban ma'aikatan jinya, ke nake waiwayawa in gani. Ke kika ja ni cikin aikin jinya, kuma shekara bakwai ina ƙarƙashinki kina shugabar ma'aikatan ɗakin.

Kin tuna yadda kike karɓar aiki da safe? Gado gado muke bi, kuma ƙaramar cikinmu kike sa ta fara magana. Kina cewa in babba ya fara, sauran sai gyaɗa kai. Kina kuma cewa, "Mutumin nan namu ko yana bakin kabari, 'da sauƙi' zai ce miki. Ki tambayi mai jinyarsa, ki sa hannunki." Wallahi a lokacin har tsaki nake yi a zuci, don kina tsayar da mu ƙafa ta yi tsami.

Wanda ya gaje ki ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma a ofis yake karɓar aiki, da Faransanci, shi ya yi magana mu rubuta. Sau ɗaya na ce masa an manta allurar wani majinyaci. A gaban ɗalibai ya tambaye ni wa ke majo tsakanina da shi, sannan ya jera mini aikin Lahadi huɗu. Tun ranar kowa ya kama bakinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Watan jiya aka kawo Malam Sale, mahauci daga unguwar Roumdé Adjia, aka yi masa aikin ƙaba. Kwana biyu bayan aikin, da safe, matarsa Hajara ta riƙo gefen rigata. Ta ce mini tun jiya bai yi fitsari ba, kuma wannan gumin ba na zafi ba ne, ta san mijinta. Na sa hannu kamar yadda kika koya mini. Cikinsa ya yi tauri kamar ganga, jijiyar hannunsa tana gudu.

Majo ya zo wucewa, ya tambaye shi jiki daga bakin ƙofa. Malam Sale ya ɗaga hannu ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Majo ya rubuta yana samun sauƙi, ya wuce.

Adda, ina tsaye a wurin. Maganar tana bakina. Sai na tuna ɗalibai da Lahadi huɗu, na haɗiye ta. Na rubuta a littafin majinyata da ƙaramin rubutu, na ce wa kaina ai likita zai zagayo bayan azahar ya gani. Likita ya zo, ya gani, ya yi ta faɗa, aka ruga da shi ɗakin tiyata. Ba a kira la'asar ba ya cika.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma awa shida na riƙe maganar nan, kuma ba mantawa na yi ba. Tsoro na ji.

Bayan mako guda wata ɗalibar jinya ta kawo mana takardun bincike kan shugabanci da yadda ake kula da majinyata. A ciki akwai tambaya: in ka ga kuskure, kana iya faɗa wa shugabanka? Aka ce in mun cike mu ajiye a teburin Majo. Mu tara ne, mun haɗa ido, kuma na tabbata dukanmu "e" muka zaɓa. Yarinyar za ta je ta rubuta cewa ɗakinmu lafiya lau yake.

Jiya ƙanin Malam Sale ya zo har gida. Hajara tana takaba, ba ta fita, shi ne ta aiko shi da cinyar rago. Ta ce a gaya mini duk asibitin ni kaɗai na tsaya na saurare ta, kuma ba za ta daina sa ni a addu'a ba.

Na sa hannu biyu na karɓa, Adda. Har godiya na yi. Yara sun ci sun ƙoshi, ni ko romon ban iya kaiwa baki ba.

Ina kewarki, 'yar'uwata. Ina kuma jin kunyarki fiye da yadda na taɓa ji kina raye.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya jiƙan Malam Sale, Ya ba Hajara haƙuri da marayunta. Ni kuma Allah Ya yafe mini, Ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan je gidan nan in gaya mata gaskiya.

Ƙanwarki,
Balki