Hannun Wa Ne a Gefen Faranti?

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Baba. Mu nan lafiya lau, yara na gaishe ku, kantin magani kuma sai godiya.

Na kira ki kin ce Baba na kusa ba za ki iya magana ba, na kira shi bai ɗauka ba, shi ya sa na zauna na rubuto ta imel. Kin dai tuna sharaɗina kafin in yarda ki tafi da shi hutun nan: duk abin da zai ci a gidan abincin otal ɗin, ki ɗauki hotonsa ki turo mini. Ba son iko ba ne. Tun rasuwar Mama ni nake auna masa suga da hawan jini, ni na san abin da likita ya hana shi.

Hotuna suna zuwa, na gode. Gasasshen kifi, ganye, 'yar shinkafa kaɗan, duk yadda na ce. Sai dai abin ya yi kyau da yawa. Baban da na sani, wanda sai na yi kamar zan yi kuka kafin ya taɓa ganye, shi ne yanzu yake ci rana da dare? Kuma ban taɓa ganin farantin bayan an ci ba, kullum a cike yake.

Sannan hoton jiya. Cokalin yana gefen hagu, Baba kuwa ba bahago ba ne. A can kusurwa akwai hannun mace da zoben azurfa. Ba hannunki ba ne, na san gajerun yatsunki. Na wane ne?

Ki tabbata yana shan maganin safe bayan ya karya. Allah Ya dawo da ku lafiya.

Yayarki

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, iskar bakin ruwa ta karɓi Baba, har tafiya yake yi da safe. A shafa mini kan yara.

Wallahi an yi asararki a kantin magani, aikin 'yan sanda ya kamace ki. Cokali ma sai an tambaye shi me ya kai shi hagu!

Ba ki san wuyar da nake sha kan hotunan nan ba. Ranar farko na miƙe tsaye don in ɗauko hoton farantin daga sama, hasken wayar ya walƙa, wani mutum a teburin kusa ya ajiye cokali ya bi ni da harara. Manaja ya zo cikin ladabi ya ce in kashe hasken, kuma kada fuskar kowa ta fito, don mutane hutu suka zo. Baba ya sunkuyar da kai don kunya. Ya ce, "Yanzu sai Yayarki ta fara ci da ido kafin a ba ni izini?" Kafin in gama gyara faranti miya ta huce.

Yanzu na iya. A zaune nake ɗauka, sau ɗaya, in kife wayar. Malama ma ta ce hasken taga ya fi na waya fito da abinci.

Batun hannu kuwa, teburan nan a matse suke, in kin miƙa hannu sai ki ɗauki gishirin maƙwabci. Ki kwantar da hankalinki, ki bar zuƙo hotuna kina ɓata idonki.

Ki huta lafiya.

Autarku

*

Auta,

Sallama. Ina fata kun tashi lafiya.

Wace Malama?

Kin rubuto mini labarin manaja da mai harara, amma kin tsallake abin da na tambaya. Na buɗe hoton a kwamfutar kanti na ƙara girmansa. Gidan tabarau ɗin Baba yana dab da hannun nan, a kan mayafin tebur ɗaya. Ba teburin maƙwabta ba ne. Da walakin, goro a miya.

Na kira otal ɗin da rana na ce a haɗa ni da shi. Matar da ta ɗauka ta ce, "Suna cin abinci da Malama, in kira shi?" Yadda ta faɗa, kamar kowa a wurin ya saba ganinsu tare. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Auta, ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. A kantin nan ina jin labarai iri-iri. Akwai masu zama a irin wuraren nan suna jiran dattijon da ya rasa matarsa, mai gida nasa na kansa, ga kaɗaici. Da fara'a ake farawa, da "ci wannan, bar wancan". Kin san ko daga ina take? Kin taɓa ganin wani nata? Mama ko shekara ba ta cika da rasuwa ba, kuma ke da na amince wa ce kike rufa-rufa.

Ki faɗa mini gaskiya yau, in ba haka ba zan sanar da Kawu, shi ya kira Baba da kansa.

Na bar ki lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Don Allah kada ki sa Kawu a maganar nan. Ga gaskiyar.

Kwanakin farko Baba ba ya cin komai. Za a kawo, in ɗauki hoto, ya juya cokali sau biyu ya ture. Shayi kawai yake sha. Ya ce a gida ma haka yake yi, in kin kawo abinci sai ya jira ki tafi ya ba maƙwabta. Ya hana ni gaya miki, wai za ki tayar da hankalin duniya. Daga baya ya ce a daina ma kawo masa, almubazzaranci ne. Ni kuma ga ki kina jiran hoto.

Sai na ga wata dattijuwa a teburin gefenmu ita kaɗai, an ajiye mata kifi da ganye, ta juya tana neman wani abu a jaka. Na miƙa waya na ɗauka. Ashe tana kallona ta gilashin taga.

Ta ce, "'Yata, a gidanku haka ake yi? A ɗauki hoton abincin mutum ko sallama babu?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya miƙe ya ba ta haƙuri, ya ce laifinsa ne, ya bayyana mata komai. Ta saurara har ya gama, sannan ta tura farantin tsakiya.

Ta ce, "To, ni ba a yin ƙarya da abincina. In za a tura hoton nan a ce naka ne, sai ka ci rabi."

Yaya, ya ci. Har ya sa burodi ya share miyar. Na koma ɗaki na yi ta kuka. Tun ranar teburinmu ɗaya. Bahaguwa ce, cokalinta kika gani. Ta ce malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ɗanta yana nesa.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ni ma wasiƙarki ta sa mini wasu-wasi. Iya abin da ta faɗa na sani. Ban taɓa jin wayarta ta yi ƙara ba. Tana yawan tambaya: wa ke zaune da Baba a gidan, ɗaki nawa ne, ke kina zuwa kullum? Ko tausayi ne, ko wani abu, ban sani ba. Jiya kuma Baba ya aike ni sayen batirin rediyo daidai lokacin abincin rana, alhali akwai sabo a jakarsa. Da na dawo na tarar suna dariya, suka yi shiru da suka gan ni.

Abin da na tabbatar kawai, wuyan rigarsa ya daina yi masa yawa. Ki yafe mini.

Autarku

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina fata jiki ya yi ƙarfi. Jikokinka suna ta tambayar ranar dawowarka.

Auta ta faɗa mini komai, kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Na ji zafi da na san abincin da nake dafa maka da hannuna maƙwabta ke ci, amma na gode wa Allah da ka fara ci yanzu.

Baba, ba ni da hurumin zaɓa maka wanda za ka zauna da shi. Amma ba mu san matar nan ba, kuma rigakafi ya fi magani. Alfarma ɗaya nake nema: Auta ta ɗauko mini hoton fuskarta, ko daga nesa ne, in nuna wa wani ya bincika mana. Ba sai ta sani ba. Sannan ku dawo ranar da aka tsara.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka

*

Babbar 'yata,

Wa alaikumus salam. Auta ta karanta mini saƙonki, ita ce kuma take rubuta wannan, ni ina faɗa. Allah Ya yi miki albarka, na san don ni kike yi.

Ba za a ɗauki hoton baiwar Allah a ɓoye ba. Na tambaye ta a fili, na gaya mata dalili. Ta ce ba ta ga laifinki ba, da ita ce ma haka za ta yi, amma ba ta yarda ba. Ban matsa mata ba. Ni ma daga yau na hana a ɗauki hoton abincina. Ina ci, ina shan magani.

Tambayoyinki na da kyau, wasu ni ma ban san amsarsu ba tukuna. Na ƙara mako ɗaya. Ɗakin da ke kusa da na Auta babu kowa, na ce a riƙe miki. Ki bar kantin a hannun abokiyar aikinki, ki zo ki zauna da mu ki dube ta da idonki, ki tambaye ta duk abin da kike so. Ta ce ita ma tana da tambayoyin da za ta yi miki.

Ki gaishe da maigidanki da yara.

Mahaifinki