Ɗakin Ha-yan

Daejeon, 4 ga Maris

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin ci abinci, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Ga robobinki nan na dawo da su. Na san ba a mayar da kwano wofi, shi ya sa na cusa burodin wurin aikinmu a ciki. Idan ya iso a bushe, laifin jirgin ruwa ne.

Tunda kunnenki ya ƙi waya, ga labarin a rubuce. Malam Pyo, jami'in da ke kula da mu 'yan riƙo bayan mun fita, ya cika alkawari. Sun ba ni ɗaki a hawa na biyu, da taga mai kallon itacen tuffa na maƙwabta, shekara biyu kafin a sake takarda. Inna, ɗakina ni kaɗai. Ranar farko na kwanta a tsakiya na miƙe hannu da ƙafa, ban taɓa kowa ba.

Mai gidan, tsohuwa Bang, tana ƙasa. Ranar da na tare na tarar ta barbaɗa gishiri da jan wake a kusurwa huɗu. Na ce, "Kaka, miya za a yi?" Ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Ke dai bar su nan, 'yar nan, ba su ci miki komai ba."

Abu ɗaya ne. Komai sabo ne a ɗakin, takardar bango, daɓe, har ƙofar banɗaki, amma wasiƙu suna ta zuwa da sunan wata Gu Ha-yan. Na tara biyar a kan firji. Kuma a cikin akwatin takalma akwai silifa ruwan ɗorawa, daidai ƙafata.

Ki gaida Yaya Tae-gon da matarsa. Ki huta lafiya.

Eun-sol

Tsibirin Cheongsan, 12 ga Maris

Eun-sol,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ba ta da inda za ta. Burodi ya iso, kaji sun gode.

Kin fara shigar da tukunyar shinkafa kafin sauran kaya, kamar yadda na ce? Na san ba ki yi ba. Shekara goma sha biyu ina magana, kunnenki ya fi nawa kurumta. Gishirin tsohuwa kuwa ki bar shi, ta riga ki ganin duniya. Silifar nan ki zubar. Wa ya ce miki ana saka takalmin wanda ba a sani ba?

Ga kimchi, kabejin nan namu mai tsami da yaji, ga busassun ƙananan kifi, ga ganyen teku da na gasa da kaina. Ki ci da shinkafa mai zafi, ba taliyar kofi ba.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Malam Pyo ya kira, Tae-gon ya ɗauka ya rubuta mini a takarda. Wai a takardar ɗakin akwai layin wanda za a kira idan wani abu ya same ki, kuma kin bar shi fari fes. Ya tambaye ki sau biyu kin ce kina tunani. Tunanin me? Kin manta sunana ne, ko lambar gidan da kika girma ta ɓace miki? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ki ba ni amsa a cikin roba ta gaba.

Ki rufe wuya, iskar bazara mayaudariya ce.

Innarki, Ok-bun

Daejeon, 2 ga Afrilu

Inna,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, ban je aiki ba kwana shida, jikina ne ba ƙarfi.

Na matsa wa tsohuwa Bang har ta faɗa mini. Ha-yan irina ce, 'yar riƙo, shekararta ashirin da ɗaya. Ita aka fara ba ɗakin nan. Bara war haka ta mutu a ciki, ba wanda ya sani sai bayan sati uku. Shi ya sa komai yake sabo. Tsohuwa ta ce, "Yarinya mai ladabi, ko tafiyarta ba a ji. Da ta kasance mai surutu irinki, ai da na lura."

Ha-yan ta cike wancan layin na wanda za a kira, Inna. Ta rubuta sunan matar da ta raine ta. Da aka kira, matar ta ce riƙo ya ƙare tun shekara biyu, ita ba danginta ba ce. Da aka ƙone gawar bisa al'ada, ba wanda ya karɓi tokarta. Ko ranar da ta mutu ba a sani ba, ƙiyasi aka yi, aka rubuta ashirin da ɗaya ga Afrilu.

Na share gishirin da waken, ashe na korar fatalwa ne. A kore ta ta je ina? Wannan ɗakin kaɗai aka taɓa ce mata nata ne. Ba na ganin komai, ba na jin komai, kar ki tsorata. Sai dai idan na zuba shinkafa, hannuna yakan ɗauko kwano biyu. Da rana tsaka ina zaune inda hasken taga yake sauka, sai in ji kamar nan ita ma take zama. Silifar tana ƙafata yanzu haka.

Ina so in yi mata teburin abinci na tunawa da mamaci ranar ashirin da ɗaya, ba wanda zai yi mata. Amma ban san yadda ake jerawa ba. Kowace shekara ranar tunawa da Baba ni nake soya wainar kifi, ni nake fere 'ya'yan itace, ni nake goge kwanonin tagulla. Da an gama sai Baffa ya ce, "Na gida su shigo." Kowa ya shiga ya durƙusa, har jaririn Yaya an sunkuyar da kansa. Ni ina bakin kicin da cokalin suya a hannu. Baba ne ya koya mini keke, amma ban taɓa durƙusa masa ba. Ke kuma ba ki taɓa waiwayowa ba.

Kin tambayi abin da nake tunani. Idan layin yana fari, ba wanda zai ce ba ya so na. Gara kar a kira kowa.

Ki rubuto mini me ake sawa a gaba, me ake sawa a baya. Ki yafe mini rashin kunya.

Eun-sol

Tsibirin Cheongsan, 9 ga Afrilu

Eun-sol, 'yata,

Na karanta sau uku. Ba zan kare kaina ba, gaskiya kika faɗa. Ban waiwayo ba domin na san kina tsaye a wurin. Da na juya na ga fuskarki, da dole in yi faɗa da Baffa, ni kuwa matsoraciya ce a gaban dangin miji. Na riƙa cewa a raina yarinya ce, ba ta lura. Sai in zuba miki wainar da ta fi kyau bayan an gama, wai na biya ki. Kunya ta hana ni cin abinci tun jiya.

Ga abin da kika tambaya. Shinkafa da miya a jere na can baya, kifi da waina a tsakiya, magarya da tuffa a gaba. Ba tafarnuwa, ba jan barkono, mamaci ba ya kusantar su. A buɗe ƙofa kaɗan don baƙuwa ta shigo, a kafa cokali cikin shinkafa, a ba ta lokaci ta ci. Amma akwai abin da ba ki gani daga kicin ba. Idan an gama, a cire cokali, a durƙusa, a sallame ta. Ana ciyar da mamaci ne don ya tafi, Eun-sol, ba don ya zauna ba. Ki cire silifar nan.

Kar ki yi ke kaɗai. Ki jira ni. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Innarki

21 ga Afrilu, ta ƙarƙashin ƙofa

Eun-sol,

Ni ce. Ina zaune a matakala, bayan ƙofarki. Kwana goma sha biyu ba wasiƙa, wayarki a kashe.

Daga tasha ofishin Malam Pyo na wuce, na cike layin. A wurin dangantaka na rubuta uwa. Ya ce a doka ba haka ba ne. Na miƙa masa biro na ce ya soke da hannunsa. Bai soke ba.

Na zo da kwanonin tagulla na Baba. Za mu ciyar da Ha-yan, mu durƙusa tare, mu sallame ta.

Tsohuwa Bang tana tsaye a kaina da makulli. Ta ce ta ji ruwa yana zuba jiya da safe. Na ce ta ba ni minti goma, ina so ke ki buɗe da kanki.

Na ƙwanƙwasa sau uku. Ko kin amsa ba zan ji ba, kin san kunnena. Na ɗora tafin hannuna a jikin ƙofar. Ki buga sau ɗaya daga ciki, zan ji a hannu.

Uwarki