Waƙar da Pasto Ya Nema

Lahadi, 6 ga Agusta, 2006
Sujada ta farko ba Jacob. Layin baya na ƙungiyar mawaƙa ya zama kamar baki mai giɓi. Shekara tara ina koya musu waƙa a cocinmu na Dutse Alhaji, ban san muryarsa ce ke riƙe mu ba sai yau. Birkila ne. Benen da suke ginawa ya rufta da su, mutum bakwai. Clara, matarsa, ta zo da goyo, ta tsaya a wurinta cikin mawaƙa, amma ba ta yi waƙar ba.

Laraba, 9 ga Agusta
Rahoton binciken benen a teburina ya sauka, ni ne mai buga takardu a ofishinmu na gwamnati mai kula da gine-gine. Injiniya Mika'ilu ya rubuta da hannunsa: rodi sirara, siminti kaɗan, yashi fal. Ɗan kwangilar kuwa Dattijo Abraham ne. Namu. Wanda ya saya mana piyano.

Talata, 22 ga Agusta
Oga ya dawo min da rahoton, an soke shafi uku da jan biro. Yanzu wai ruwan sama ne ya kada ginin. "Ka sake bugawa, na farkon ka goge."
Na buga. Ko kuskuren harafi ɗaya babu.

Juma'a, 25 ga Agusta
Injiniya ya ƙi sa hannu. Na ji shi ta bayan ƙofa: "Ranka ya daɗe, zan tsaya gaban Allah da wannan hannun." Kafin la'asar an mayar da shi wani ɗakin ajiyar fayil a Kuje. Da zai tafi ya ce min, "Malam Thaddeus, a sa mu a addu'a."
Ni?

Asabar, 2 ga Satumba
Pasto ya tare ni bayan koyon waƙa. An wanke Dattijo, zai yi sujadar godiya ranar goma ga wata, har da manyan baƙi daga ma'aikatu. Ana son sabuwar waƙa. Na ce to. Kullum to.
Na buɗe Zabura ina neman layin farawa, duk inda na buɗa sai in faɗa kan masu kuka.

Talata, 5 ga Satumba
Ba layi ko ɗaya.

Lahadi, 10 ga Satumba
Na ce wa Pasto waƙar ba ta zo ba, muka ɗauki tsohuwa. Motoci sun toshe layinmu har bakin titi. Dattijo ya taka rawa zuwa gaba da iyalinsa, yana share hawaye, kuma hawayen gaske ne, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce Ubangiji ya ɗaga kansa a gaban maƙiya.
Clara ta yi waƙar har ƙarshe. Da aka tashi ta same ni ina naɗe wayar makirfo. "Baba, an ce a ofishinku aka rubuta rahoton. Ruwa ne da gaske?"
Na ce ni dai bugawa nake yi.
Ta dube ni, ta gyara goyonta. "To, Allah ya saka da alheri, Baba."
Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Litinin, 11 ga Satumba
Na ce a ofis zan je asibiti, na hau motar Kuje. Ba wani abu na yi ba. Rahoton farkon nan ne na fitar daga kwamfuta, ban goge shi ba, ban ma san dalili ba. Na miƙa wa Injiniya, na ce lauyan iyalan mamatan yana neman hujja, shi ya san yadda za a kai masa.
Ya karanta a tsaye. "Ka san za su gane daga ina ya fito?"
Na ce ba lallai ba.
Za su gane. Ni kaɗai ke taɓa kwamfutar nan, kuma shekara huɗu ya rage min in yi ritaya.
A tasha na sayi masara gasasshiya, na cinye guda biyu. Rabona da jin yunwa tun watan jiya.